Kaurin Tsaba Uku

Gab da la'asar, a kwanar da ke hanyar Ɗan Isa,
na kwantar da allona hagu, yadda na saba,
sai taya ta kai wa katako cizo.
Allo ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba.
Na auna gudoro da haɓa,
mai rake ya ce sannu, yana danne dariya da haƙora.

Na kifa allon, ga shaida a cikinsa:
baƙin tabo, lanƙwashe kamar jinjirin wata,
inda roba ta cinye fenti har ta taɓa itace.
Laifina ne. Ni na sayi manyan tayu wurin Sahabi
don tsakuwar Bagalam ta bar tare mini hanya,
na manta dogon baƙo sai an ɗaga masa rufi.

Tsahiru mai faci bai taɓa hawa allo ba,
ya ce ƙashinsa ba na aro ba ne.
Amma ya juya shi, ya murza taya da babban yatsa,
ya leƙa tsakanin ƙarfe da katako, ya daɗe,
ya ce: matashi yake so.

Ya zube mini a kan benci:
yankin tsohon tub, siriri kamar ganyen albasa,
gindin silifa shuɗiya da wani ya yar,
da guntun bel na injin matsar gyaɗa
mai tauri, har yanzu yana ƙanshin ƙuli.

Hannuna ya tafi kan silifa. Ya buge shi.
Wannan daɗin baki gare ta, in ji shi,
yau ta ɗauke ka kamar katifa,
jibi ta lotse, noti ya saki, kana tsakiyar titi.
Tub zai sha maka girgiza, tafin ƙafa ya huta,
amma ba ya ɗaga komi.

To a ninka bel ɗin biyu, na ce, a huce takaici.
Ya dube ni ta saman tabarau.
Kana son allo ne ko raƙumi?
Duk turi ɗaya sai ka durƙusa kamar mai jan guga,
gwiwarka ta tsufa kafin kai.
Wanda ya hau sama da yawa, faɗuwarsa ma daga can take.

Sai ya ɗauko alli a aljihu,
ya shafe bayan tayun huɗu fari fat,
ya cusa tsabar dala ashirin a ƙarƙashin ƙarfen, ɗaya,
ya ce hau, karkata, har inda tsoro ya tsayar da kai.
Alli ya fito a katako.
Biyu. Ya fito, amma da kunya.
Uku.
Na danna da dukan nauyin tuwon da na ci tun yaye,
katako ya ƙi ɗaukar fari.

Kaurin tsaba uku ya fere bel ɗin,
ya shimfiɗa tub a kai don lallashi,
ya huda ramuka da jan ƙusa, hayaƙi na shiga mana ido.
Nan muka ga notina sun yi gajarta.
Na taka har kasuwa neman takwas masu tsawo,
na samo bakwai iri ɗaya, na takwas da kansa daban.
Yana nan, gaba ta dama. Ina ganinsa kullum.

Dala arba'in ya karɓa, ya maida tsabarsa uku aljihu.

Na koma kwanar nan kafin magariba.
Mai rake ya ajiye wuƙa yana jira.
Na kwanta hagu, na ƙara kwantawa,
ba abin da ya ratsa tsakanin taya da katako sai iska.
Ya ɗauki wuƙarsa, kamar an hana shi bashi.

A gida Barira tana shafa mini man kaɗe a haɓa,
ta ce me ka sayo da kuɗin cefanen da na ba ka ajiya?
Na ce tazara.
Ta ƙara danna ciwon.